Ƙadangare a Kejin Kurciya

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ta bayan kasuwar garin Wonosobo ya san doguwar gorar da ke kafe a ƙofar gidan Mbah Kasmuri, Allah ya jiƙansa. Mbah shi ne kaka a harshenmu. Muna yara ita ce agogonmu. In ka leƙa ta taga ka ga keji yana hawa a hankali cikin hazon asuba, igiya tana zamewa ta zoben ƙarfen da ke can ƙoli, to an fito daga masallaci ke nan, in kuma ba ka tashi ba uwarka tana tafe da ruwan sanyi.

Kasmuri bai taɓa mallakar kurciya mai tsada ba, ta mutane yake raino. Attajiran taba da masu shagunan zinariya su ne ke sayen tsuntsu da kuɗin da zai gina ɗaki, sannan su ɗauko su kawo masa, don kuɗi yana sayen kurciya amma ba ya sa ta buɗe baki. Kafin gari ya waye zai fitar da keji ya sha raɓa, ya fesa wa tsuntsu ruwa, ya zuba gero da ƙananan ƙwayoyin shinkafa, sannan ya ja shi sama ya ga duniya. Rana na fara cizo ya sauko da shi, ya lulluɓe kejin da zane a ajiye a inuwa. Haka ya ga ubansa yana yi. A ganinsa duk wani mai rai da Allah ya halitta, in ya sami raɓa da wanka da inuwa, to ya gama samun duniya.

Jarinsa kuwa kunnensa ne. Yana zaune a rumfar mai kofi, bakinsa cike da soyayyen tempe, wainar nan tamu ta waken suya, sai ya ɗaga yatsa kowa ya yi tsit. “Kurciyar gidan liman ta kwana da mura,” in ji shi, ya ci gaba da tauna. A je a duba, a tarar haka ne. Kukan kurciya kashi uku ne a wajen masu abin, akwai ɗauka, akwai tsakiya, akwai ƙarshen nan mai tsawo da ke sauka a ƙirjin mutum, kuma a ƙarshen ake cin gasa. Kasmuri yana iya gaya maka tun tsuntsu yana ƙarami ko zai yi ƙarshe ko ba zai yi ba. Matarsa Ngatiyem takan ce ita kunnuwa biyu ta aura, sauran jikin gyara aka yi mata. Duk da haka kullum ita ke riƙe masa keji yana ɗaura igiya, tana mita tana hamma, har shekarar da ta kwanta ba ta tashi ba.

Ba a daɗe da rasuwarta ba aka fara jin sa yana kushe tsuntsaye. Wai kurciyoyin yanzu ba sa ƙarasa kuka, sai su ɗauko da kyau su yanke a hanya. Daga baya ya ce tsakiyar ma sun fara haɗiye ta. Wata rana kawai ya bi gida gida ya mayar wa kowa tsuntsunsa, yana cewa iri ya lalace, shi ba zai ɓata sunansa a kan kurciyar zamani ba. Masu tsuntsayen suka karɓa da hannu biyu, suka ce gaskiya ne Mbah, iri ya lalace, alhali a lokacin tsuntsun yana rataye bisa kansu yana zuba kuka har ƙarshe.

Kowa ya san abin da ke nan. Amma mu nan ba a kallon idon babba a faɗa masa abin da zai sa ya sunkuyar da kai, sai a yi murmushi a ce haka ne. Shi ma ya koyi dabararsa. Ya zuba wa leɓɓanka ido, abin da ya kama ya kama, wanda ya kuɓuce ya gyaɗa kai ya ce, “Haka ne, haka ne.” An taɓa ba shi labarin gobarar da ta cinye ɗakin girkin wani ɗan uwansa, mai ba da labarin yana kallon gefe, Mbah ya ce madalla, Allah ya ƙara. Ko murmushi ba wanda ya yi sai da aka sha kwana.

Bayan tsuntsaye sun tafi ya ci gaba da fitowa da asuba, ya tsaya gindin gora hannu a baya, ya ɗan jima ya koma ciki. Daga baya fitowar ma ya bari. Maƙwabciyarsa Tumirah, bazawara mai sayar da ganye da kabewa a ƙofar gidanta, ita ce ta kasa haƙuri. Tumirah bakinta ba ya da linzami, in ta fara maka tsiya sai ka gwammace duka, amma ko ita ba ta taɓa furta masa kalmar kurma ba. Sai dai ta kira jikarsa Lintang, wadda ke aiki a wani otal a birnin Semarang, ta ce mata, “Ki zo ki ga kakanki. Ya zama kujera a gidan.”

Lintang ta zo ran wata Asabar da motar haya, aka sauke akwatin gilashi mai tsawon hannu biyu da kwali cike da tarkace. Daga ƙarshe ta fito da wata ’yar roba mai huji-huji ta buɗe. Wani ƙadangare ne ruwan ƙasa-ƙasa, bai fi tsawon tafin hannu da rabi ba, kai faffaɗa, ƙayoyi a jere a gefen cikinsa, wasu kuma sun taru ƙarƙashin haɓarsa sun yi masa gemu. Ya ɗaga kai ya dubi Mbah da ido ɗaya, ya gyaɗa.

Tumirah, wadda ta biyo bayan kayan don ganin ƙwaf, ta yi tsalle ta koma bakin ƙofa. “Innalillahi! Nduk, ’yar nan, duk dabbobin Semarang ki rasa abin da za ki kawo wa tsoho sai ɗan kada?”

“Ba ya cizo, Bulik. Mutane har a kafaɗa suke ɗora shi,” in ji Lintang. Bulik take ce mata, wato goggo.

“A kafaɗar uban wa?”

Mbah ya zuba wa ƙadangaren ido. Ya gane dalilin da ya sa a duk halittun Allah yarinyar ta zaɓo masa wanda ba ya kuka. Abin ya sosa masa rai, ya kuma ji tausayinta, don ya san ta daɗe tana tunani kafin ta kai ga wannan. Ya miƙa hannu, ƙadangaren ya hau, ƙafafunsa masu kaushi suka kama yatsunsa. Rabon da wani mai rai ya ɗora nauyinsa a hannun nan har ya manta.

Lintang ta matso kusa da fuskarsa ta ɗaga murya. “Mbah, wannan ɗan hamada ne! Asalinsu daga Ostareliya!”

“Nduk, me ya yi zafi? Unguwa za ki tara mana? Ni ba kurma ba ne.”

Kunya ta kama yarinyar. Ta sassauta murya, ta juya ta durƙusa gaban akwatin tana haɗa kaya, tana bayani tana ba shi baya. Daidai nan aka ƙwala wa Tumirah kira daga rumfarta, ta fita. Saboda haka duk abin da Lintang ta faɗa a ranar bangon ɗakin ne kaɗai ya ji shi.

Ta kuwa faɗi komai, ba ta rage ba. Ta ce ƙasarsu busasshiya ce, danshi da sanyi su ne ajalinsa, kada a fesa masa ruwa, ɗan faranti marar zurfi ya ishe shi. Ta ce ƙwan fitilar nan mai zagaye na zafi ne, a saitin faffaɗan dutsen nan zai zauna, don sai cikinsa ya ɗumama abinci ke narkewa, ɗaya gefen akwatin kuma a bar shi da sanyi-sanyi ya sami wurin gudu. Dogon ƙwan kuma shi ne madadin rana a garin da rana ke rowa, in babu shi ƙashinsa zai yi laushi. A kunna da safe a kashe da magariba. Ta shimfiɗa tayil a ƙasan akwatin, ta ce ban da yashi, yana haɗiyewa ya toshe masa ciki. Duk inda ta ja numfashi Mbah ya ce wa ƙeyarta, “Haka ne, haka ne.”

Abin da ta yi da hannu a gabansa kam ya shiga. Ya ga ta zaɓi gyare ƙarami, ta gwada shi da faɗin da ke tsakanin idanun ƙadangaren don ya ga iyakar girman da zai iya haɗiya, ta jefa su cikin leda da wani farin gari ta girgiza. Ya ga ta yanka ganye ƙanana, ta goga kabewa a kai, ta wanke hannu da sabulu bayan ta gama. Washegari ta sumbaci hannunsa ta koma bakin aikinta, ranta fari.

Ya sa masa suna Lurah, sunan da muke kiran dagaci da shi, wai don yana da gemu da tumbi kuma duk abin da aka ce sai ya gyaɗa kai. Da Tumirah ta ji sunan sai ta ce, “Kun dace, Kang,” wato yaya a harshenmu, sannan ta kama bakinta.

Tun a ranar farko fitilun suka tsaya masa a rai. Doguwar ya ɗauka ta ado ce, irin wadda masu shagon zinariya ke sa wa kifin gilashi don baƙi su yaba. Mai zagayen kuwa da ya taɓa dutsen da ke ƙarƙashinta sai ya janye hannu. Yaran zamani ke nan, in ji shi a ransa, a kulle bawan Allah a kwalba kamar maganin kanti, sannan a gasa shi da ransa. Ya zare wayoyin duka biyu. Ya shiga ƙuryar ɗaki ya sauko da kejin da ya fi ƙauna, mai rufin katako da aka sassaƙa wa furanni, wanda wani attajirin taba ya bar masa tukuici. Ya kakkaɓe shi ya goge.

Da asuba, bayan shekaru, unguwa ta sake jin ƙarar igiya a zoben ƙarfe. Mata suka leƙo da ludayi a hannu. Ga Mbah Kasmuri da zanensa da hularsa, ya fesa wa Lurah ruwa sharkaf, yana jan keji sama cikin hazo, kansa a ɗage, bakinsa yana motsi kamar yadda yake yi wa kurciyoyi. Can ƙolin gora, wutsiyar ƙadangare ta leƙo ta tsakanin sandunan keji.

An yi dariya, ba a ce ba a yi ba. A rumfar mai kofi har aka riƙa tambaya yaushe za a kai Lurah gasa. Amma dariyar ta daɗi ce, don kowa ya ji kamar an dawo masa da wani abu nasa da ya ɓata. Tsohon ya miƙe. Ya koma zuwa kasuwar tsuntsaye sayen gyare, ya koma zama cikin mutane, har kumatunsa suka ciko. A cikin samarin unguwa akwai waɗanda suka san ba haka ake kiwon wannan dabba ba, suna gani a waya. To amma wa zai je ya koya wa Mbah Kasmuri kiwo? Laifin nan namu ne duka, mun ga mutum yana farin ciki muka bar shi.

Sai damina ta kankama. Wanda ya san Wonosobo ya san ruwanta, sai a wuni a kwana ba a ga rana ba, tufafi su yi ta warin danshi a kan igiya. Lurah ya fara sauya launi, ya yi duhu, gemunsa ya yi baƙi ƙirin. Gyaren da da yake bi da gudu, yanzu har ya hau kansa ba ya kulawa. Sai ya lafe a ƙasan keji, ido a rufe, kai a ɗage, baki a ɗan buɗe.

Mbah ya duba shi da idon mai kurciya. Tsuntsu in ya yi sanyin jiki, raɓa ce ba ta ishe shi ba. Saboda haka ya ƙara sammako, ya ƙara daɗewar kejin a sama, ya dafa ganyen da ake wa tsuntsu wanka da shi ya bari ya huce ya riƙa fesa masa safe da yamma. Da zuciya ɗaya yake yi, yana lallashi yana kiran sunansa.

Wata safiya Tumirah ta shigo da ragowar ganyen jiya. Ta saba ajiyewa a bakin ƙofa ta juya, amma ran nan ruwa ya kore ta har tsakar ɗaki, kusa da teburin da kejin yake. Ta tsaya cak, ta karkata kai. Sannan ta zagayo ta tsaya a gabansa inda zai ga bakinta.

“Kang, dodon nan naka yana ƙara.”

“Ƙadangare ba ya kuka, Tum.”

“Wa ya ce maka kuka? In ya ja numfashi sai ka ji ƙas, ƙas, kamar ana kashe ƙwarƙwata a farce.”

Ya ciro Lurah ya kai shi kunnen dama. Ya mayar hagu. Ya yi fuskar nan tasa ta da, ido a lumshe, gira a haɗe, wadda in ya yi ta a rumfar kofi kowa ke ajiye kofinsa. Babu abin da ya iso masa sai gunjin nan da ke cikin kansa dare da rana.

“Lafiyarsa ƙalau,” ya ce. “Kunnenki ne ya cika da gulma har ta fara tafasa.”

“To! Ni ce ma mai ciwon?” Ta dire ganyen a tebur. “Wallahi kai ne ƙadangaren bakin tulu, ba wannan ba. A yi magana a fasa tulu, a yi shiru ka ɓata ruwa. Ka zauna da girman kanka har ya mutu a hannunka, sai ka san abin da za ka gaya wa yarinyar nan.” Ta ja zanenta ta rufe kai ta fita cikin ruwan.

Ya daɗe a zaune da Lurah a tafin hannunsa. Jikin sanyi ƙalau. Can ya ɗora yatsu biyu a haƙarƙarinsa, ya riƙe nasa numfashin. Cikin ya kumbura, ya tsaya, wani abu ya ɗan karce a ciki, sannan ya sauka. Ya sake, ya sake karcewa. Ya kai shi bakin taga, ya ga wani ɗan kumfa ya fito a ƙofar hancinsa ya fashe.

Ya san wannan ciwon. Ya ga kurciyoyi da yawa da ya kashe, a gidajen mutanen da ba su kira shi da wuri ba. A da tun ciwon yana hanya yake jin sa, daga ƙetaren titi, bakinsa cike da abinci. Yau ga shi a cikin hannunsa, manne da kunnensa, sai mai sayar da kabewa ce ta gaya masa. Baƙin cikin da ya ji a lokacin ko ranar da ya mayar da tsuntsaye bai ji irinsa ba, don waccan ranar shi kaɗai ya yi asara.

Ya naɗe Lurah a tsohuwar rigar sanyin Ngatiyem, ya sa shi cikin ƙirjinsa, ya ɗauki laima. Tumirah tana zaune a rumfa tana tsinke ganye, ta ga zuwansa ta ɗauke kai.

“Tum, rufe rumfar ki raka ni wajen likitan dabbobi.”

“In rufe? Kabewar ce za ta sayar da kanta? Ai ka ce lafiyarsa ƙalau.”

Ya tsaya kawai ruwa yana zuba ta gefen laimar. Ta dube shi, ta yi tsaki, ta fara jan buhu tana rufe kaya.

Likitar yarinya ce, sa’ar Lintang, ta rufe hanci da baki da ƙyallen asibiti. Mbah yana ganin ƙyallen nan ya san yau babu leɓɓan da zai zuba wa ido. Ta tambayi yadda ake kula da shi, Tumirah ta zayyane mata komai, da raɓar da wankan da gorar. Likitar ba ta yi dariya ba, tarbiyya ta hana ta, sai idanunta da suka ɗan buɗe. Ta buɗe bakin Lurah ta leƙa, ta saurari ƙirjinsa, ta yi masa allura, ta ba da wani magani a ’yar kwalba. Sannan ta fuskanci Mbah cikin ladabi ta yi ta bayani, ƙyallen yana motsi. Shi kuma yana cewa, “Haka ne, haka ne.” Tumirah tana gefe tana kallonsa.

Suka fito suka raɓe a ƙarƙashin rumfar wani shago suna jiran mota. Ruwa yana sauka, babura suna wucewa suna watsa taɓo. Mbah ya dafe ƙirjinsa inda Lurah yake.

“Tum.”

Ta juyo.

“Me ta ce?”

“Kai da kake ta haka ne, haka ne?”

“Ban ji ko ɗaya ba.” Muryarsa ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya nufa, har mai shagon ya ɗago. Bai fasa ba. “Ba na ji, Tum. Ba yau ba ne. Abin da yarinyar nan ta gaya mini ranar da ta kawo shi ma ban ji ba. Kurciyoyin nan kuma ba abin da ya same su, suna ƙarasa kukansu. Ni ne ba na kaiwa.”

Tumirah ta dube shi. Ta goge hanci da gefen zane. Sannan ta kama kafaɗarsa ta juyo da shi sosai, ta matso da fuskarta, ta riƙa buɗe baki a hankali tana haɗawa da hannu, ba ruwanta da masu kallo. Ba raɓa. Ba wanka. Ba gora. A mayar da shi gilashi, a kunna fitilu duka biyu, zafin nan da kake gudu shi ne ransa. Magani a ɗiga masa a gefen baki kullum.

“Saura ɗaya,” ta ce. “Likita ta ce kowace safiya a saurari numfashinsa. In ƙarar tana ƙaruwa, a dawo da shi a guje, don ba ya jira. In tana raguwa har ta ɗauke, ya haye.”

Mbah ya dube ta. “Da wane kunnen?”

“Da nawa mana, mai gulmar. Amma ka ji da kyau, Kang, kai za ka riƙe abinka. Wallahi ko farcena ba zai taɓa shi ba.”

A ranar ta kira Lintang ta faɗa mata. Yarinyar ta yi kuka a waya, tana cewa laifinta ne da ta juya baya. Tumirah ta ce ta share hawaye, a unguwar nan babu wanda bai juya baya ba.

Gora ta koma tsayuwa ba keji. Mbah ya mayar da mai sassaƙen ƙuryar ɗaki, ya jona wayoyin da ya zare. Da ya ga Lurah ya ja jiki da ƙyar ya hau dutsen nan mai zafi, ya baje cikinsa a kai ya lumshe ido, sai da ya nemi wuri ya zauna. Ashe duk kwanakin nan abin da bawan Allah ke nema yana nan a kusurwar ɗaki, a kashe. Asuba ce ta fi yi masa wuya. Ya dawo daga masallaci hannunsa yana ƙaiƙayin igiya, ga raɓa ta kwanta luf a kan ganye, mai kyau, irin wadda da yake yi wa godiya. Sai ya wuce ta ya shiga ciki ya danna makunni.

Kullum kafin ta buɗe rumfa Tumirah za ta shigo, ta ɗaure ɗankwali tamau kamar mai shiga ɗakin zuma. Mbah ya tallafo Lurah a hannu biyu ya ɗaga. Ita kuma ta runtse ido, ta yamutsa fuska, ta miƙo kunne daga nesa tana karanto duk addu’ar da ta zo bakinta. In ta ji ƙarar sai ta buɗe ido ta haɗa farcen manyan yatsunta ta nuna masa. Akwai safiyar da ta nuna da sauri da sauri, suka bar komai suka koma wajen likita aka ƙara allura. Akwai wadda ta nuna sau ɗaya ta jira, ta sake nunawa. Lurah ya rame har ƙashin ƙugunsa ya fito. Mbah ma haka, don tuni ya daina zuwa rumfar kofi, yana zaune gaban gilashi yana kallon cikin nan yana hawa yana sauka. A unguwa kuma labarin abin da ya faɗa a bakin shago ya zagaya. Mutane suka fara tsayawa a gabansa in za su yi masa magana, suna buɗe baki sosai, shi kuma in bai kama ba ya ce a maimaita.

Wata safiya an wayi gari ba ruwa. Tumirah ta shigo, ta ɗaure ɗankwali, ta miƙo kunne. Ta daɗe. Wani yaro ya tayar da babur a waje, ta leƙa ta taga ta zazzaga masa masifa har ya kashe ya tura da ƙafa. Ta dawo ta sauya kunne. Hannun Mbah ya gaji saboda daɗewar ɗagawa, amma bai sauke ba. Yana kallon yatsunta, suna nan a sake a gefen zanenta.

Ta buɗe ido.

“Shiru, Kang.”

“Me?”

“Shiru. Ba na jin komai.”

Ya dube ta. “Kin tabbata? Ko dai ke ma kin fara?”

“Ka ga tsohon banza! Ni da nake jin faɗuwar allura a gidan liman?”

Ya so ya yi dariya, sai hawaye suka riga ta. Bai iya sharewa ba, hannuwansa duka biyu suna ɗauke da Lurah, suka bi kumatunsa suka sauka a kan riga. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa da girmansa yana farautar sauti, yau ga shi yana yi wa Allah godiya a kan an ce masa ba a ji komai ba.

“Ƙara saurara, Tum,” ya ce. “Don Allah. Matso sosai.”

Ta buɗe baki za ta yi tsiya, ta dubi fuskarsa, ta rufe. Ta zame ɗankwalin daga kunnenta, ta yi bisimilla, ta matso har kuncinta ya kwanta a kan ƙayoyin nan masu kaushi. Lurah ya juya ido ɗaya ya dube ta, bai motsa ba. Ta daɗe a haka. Mbah Kasmuri yana tsaye yana riƙe, yana jira a gaya masa abin da aka ji.